Bakina Ya Jawo wa Injin Niƙa Haraji

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya yaran. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa. Mahaifiyarki ta warke daga tari, har ta koma yi mini faɗa. Yayanki kuwa wata uku bai leƙo ni ba, amma ba maganarsa ce ta kawo ni ba. Tela maƙwabcina ke rubutawa, na ce kada ya gyara mini magana.

Makon jiya ma'aikacin haraji ya zo shagon niƙa, ya tambaye ni nawa ke shigo mini a wata. Mai walda na zaune a benci, mutumin da ya shekara goma yana kiran injina gwangwani. A gabansa zan faɗi kaɗan? Na faɗi duk abin da mata ke zubawa a aljihun tebur, har na ɗora. Bayan kwana huɗu takarda ta zo, da harajin da ko na sayar da injin da ƙyar ya biya.

Na je ofishinsu da sandata, na yi ta faɗa. Wata ma'aikaciya sa'arki ta ba ni kujera, ta kira ni Baba. Ta ce a wurin doka, duk abin da sana'a ta kawo kafin a cire komai shi ne kuɗin shiga; riba kuwa sai an fitar da kuɗin mai da gyara. Ta ce tunda ban nuna abin da na kashe ba, a kan maganar bakina aka yanka. Na ce kuɗin da ya shigo da safe ya tafi gidan mai da rana, ta yaya ya zama nawa? Ta ce in kawo rasit. Ni da rasit nake goge baƙin mai a hannuna! Sai dai tsofaffin bel na juya injin da na rataye a ƙusa da ƙarafan niƙa da suka cinye, ban yar da ko ɗaya ba. Da na faɗa mata, ta ce a jera su a rubuce kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a garƙame shagon.

Na tuna kin taɓa saya mini littafin lissafi, na ce da lissafin ka na ciyar da ku har kika zama akanta. Har yau ban yarda na yi kuskure duka ba. Amma injin nan da shi na biya kuɗin makarantarki, kuma in aka rufe shi ban san inda zan nufa da safe ba. Ki zo, Auta. Ni in faɗa, ke ki rubuta, ba zan yi miki gardama ba sai kaɗan.

Ki gaida maigidanki, da takwarana, da 'Yar Lele. Mahaifiyarki da gwaggonki suna gaishe ku.

Ni ne mahaifinki mai jiran zuwanki.