Noti Bakwai da Injin da Bai Taɓa Tashi Ba

Daga:
Wakilin Ɗaliban Shekarar Ƙarshe,
Sashen Gyaran Motoci.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwalejin Koyon Sana'o'i,
Ta hannun Shugaban Sashen Gyaran Motoci.

10 ga Maris, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN KAYAN KOYON AIKI A ƊAKIN GWAJI, DA ROƘON A DAKATAR DA TAKARDAR SHAIDAR MAI ƘORAFI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, mai wannan takarda yana neman izinin gabatar da kokensa. Zai riƙa kiran kansa "mai ƙorafi" kamar yadda tsarin ofis ya tanada, kuma hakan ya yi masa daɗi, domin abin da zai faɗa ya fi sauƙin fita idan aka yi kamar wani ne ya aikata. Shi ne ɗalibin da ya zo na ɗaya shekara uku a jere, wanda Ranka ya daɗe ya miƙa wa lambar yabo da hannunsa. A gida sun daina kiran sunansa tun shekarar farko, sai dai Injiniya, shi kuwa bai taɓa hana kowa ba.

1. Inji ɗaya tak ke ɗakin gwajinmu, wanda ɗalibai ke kira Tsohuwa. Rajistar sashe ta nuna shekara goma sha tara ke nan ana kwance ta ana ɗaurawa. Notinta sun sha hannu har sun yi laushi, da yatsa biyu ake warware su. Mai ƙorafi yana iya wargaza ta ya mayar cikin minti arba'in ido rufe, ya kuma taɓa yin hakan a gaban baƙi aka yi masa tafi, kansa ya kumbura har mako guda.

2. Ba wanda ya taɓa jin Tsohuwa ta tashi. Ba ta da batir, ba a taɓa ba ta mai ba. Malamin aikin hannu, mutumin kirki wanda ba shi da laifi a wannan magana, ya rubuta takarda shida yana neman batir, kwafinsu na cikin durowarsa. Da ya gaji, sai aka koma auna gwaninta da gwangwanin madara: wanda ya haɗa injin, noti da washa da suka yi saura sai ya zuba a ciki, in ba su kai biyar ba ya ci jarrabawa. Haka muka taso muna ɗauka cewa kowane inji ana ƙera shi ne da 'yan rarar noti, don kyautatawa.

3. A bangon ɗakin an manna ƙa'idojin sana'a goma sha biyu. Ta tara tana cewa ba a gama aiki ba sai an tayar da inji an saurare shi. Mai ƙorafi ya haddace ta, ya rubuta ta a jarrabawa sau uku, ya sami cikakken maki sau uku, bai taɓa aikata ta ko sau ɗaya ba.

4. Sababbin injuna biyu suna cikin akwatunansu a sito tun 6 ga Yuni, 2023, suna jiran bikin buɗewa. Ta taga muke gaishe su. Sifanar auna ƙarfin ɗauri kuwa tana kulle a kabad ɗin gilashi. Mai ƙorafi ya riƙe ta sau ɗaya, na minti biyu, ranar da aka ɗauki hoton da ke bangon littafin tallan kwaleji. Daga baya ya gano a juye ya riƙe ta, kuma ba wanda ya lura.

5. A nan ne, Ranka ya daɗe, maganar ta bar harabar kwaleji ta shiga gida. Mai ƙorafi yana da kawu, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya saya masa rigar aiki da takalmin farko. Kawu yana da motar ɗaukar kaya guda ɗaya, da ita yake ciyar da mutum takwas. A ranar 15 ga Fabrairu motar ta fara hayaƙi da 'yar ƙara. Kawu ya yi niyyar kai ta wurin tsohon bakanikensa, sai Inna, mahaifiyar mai ƙorafi, ta ce abin kunya ne a fita da mota waje alhali ga Injiniya a gida. Mai ƙorafi yana wurin, ya ji, kuma maimakon ya yi shiru sai ya tafi ya sako rigar aiki.

Noti na farko da ya sa wa sifana ko gezau bai yi ba. A shekara uku bai taɓa haɗuwa da noti mai gardama ba, saboda haka ya hau shi da ƙarfi har kan notin ya ɓalle. Duk da haka ya ci gaba, maƙwabta na tsaye suna sa albarka. Da ya gama haɗawa bayan kwana biyu, noti bakwai suka yi saura. Allah shaida, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya wuce ƙa'idar gwangwani da uku, za a rage masa maki. Kawu ya murza makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya, aka ji ƙara kamar an zubar da cokula a ƙasa, shi ke nan. Wannan ne karon farko da mai ƙorafi ya saurari aikin hannunsa.

6. Yau kwana ashirin da uku motar na tsaye a ƙofar gida. Kawu yana fita da ƙafa yana taya wasu direbobi lodi, mutumin da furfura ta cika masa gemu. Da ya zagi mai ƙorafi ma da ya fi sauƙi. Tsohon bakaniken ya zo da kansa ya ce a ba shi motar, Kawu ya hana. Hujjarsa ita ce in wani ya gyara, har abada ba wanda zai kawo wa ɗan ƙanwarsa ko keke a unguwar, don haka zai jira yaronsa ya ƙarasa abin da ya fara. Duk wanda ya tambaya sai ya ce Injiniya yana kan aiki. Kowace safiya yana wanke motar kafin ya fita.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙo cikin ladabi:

(a) A buɗe sito a fito da injunan nan biyu, ko da ba a yanka ƙyalle ba. Mu talatin da huɗu za a yaye ranar 28 ga Maris, kuma kowannenmu yana da kawu.

(b) A ba Malamin aikin hannu batir da mai da makullin kabad ɗin gilashi, a kuma jefar da gwangwanin madara.

(c) A karɓi lambobin yabo uku da ke haɗe da wannan takarda, a ajiye su a sito, inda akwai wuri.

(d) A ba da izinin janyo motar Kawu zuwa ɗakin gwaji, ta zama jarrabawar ƙarshe ta mai ƙorafi, da kayan aiki na gaskiya, Malam yana tsaye a kansa.

Ranka ya daɗe, a nan dole in ajiye "mai ƙorafi" in ce ni. Ni na kashe motar nan, kuma kunya ta hana ni haɗa ido da mutumin da ya raine ni. Ina roƙon kada a sa hannu a takardar shaidata sai ranar da Kawu ya murza makulli injin ya amsa, ko da abokaina za su fita su bar ni. Na fi son in maimaita shekara da in sake amsa sunan da ban cancanta ba.

Ina gabatar da wannan cikin biyayya, tare da neman afuwa idan harshe ya zarce.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Ɗalibi mai lamba 041, wanda ake kira Injiniya.

Abin da aka haɗa: lambobin yabo uku, da hoton noti bakwai. Notin kansu suna aljihuna, domin na Kawu ne, kuma kowanne yana da gurbin da yake jiransa.