Gwangwanayen Dodo da Ƙwan Inna

Filinge, ranar Lahadi

Baban Safi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin Abala? Mu lafiya lau, Safi har ta soma rarrafe.

Tun da kuran, wato wutar lantarki, ya yi wuya, kowa shagonmu yake kawo salula a sa mata wuta. To na'urarka ta sola ta tsiro da wani hali: rana na tsaka sai ta ɗau zafi ta mutu, mutane su kwashe salularsu su nufi shagon Idi. Na yi mata fifita har hannuna ya sage. Sai ƙanena Dodo ya zo daga Yamai da gwangwanaye cike da wani irin kaki, ya jera su a jikinta. Ya ce da rana kakin zai narke ya shanye zafin, in gari ya yi sanyi ya daskare ya riƙa sako ɗumin a hankali. Tun ranar ba ta sake mutuwa ba.

Saura Inna. Ta taɓa gwangwani ɗaya da safe ta ji ɗumi, ta ce zunubi ne ɗumi irin wannan ya tafi a banza. Dama muzuru ya kashe kazar da ke kwance kan ƙwan zabinta. Ta kwaso ƙwan ta cusa tsakanin gwangwanayen, ta rufe da sabuwar hularka. Mahaifiyarka ce, sai na ƙyale ta.

Taka,
Muna

Filinge, ranar Laraba

Baban Safi,

Ina wuni, ina aiki? Saƙonka ya iso cewa in ba Ibrah direba na'urar ya kai maka. Ba za ta samu zuwa ba.

Ƙwan nan sun ƙyanƙyashe ranar kasuwa, shago cike da mutane. Wani dattijo daga Damana ya ji tsiyau-tsiyau, ya kara salularsa a kunne yana ta sallama. Yanzu 'yan zabin ba su san wata uwa ba, da sun firgita sai su ruga ƙarƙashin na'urar.

Jiya Ibrah ya zo ɗaukar ta, Inna ta tare ƙofa da muciya. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an ɗora mai jego a mota kafin ta yi arba'in ba. Ya juya bai ko sha ruwa ba.

In kana son kayanka ka zo ka gaya mata da bakinka. Ni ma in ga fuskarka.

Matarka,
Muna