Turken da Aka Kafa a Kanki

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da makwancinki. Ni ce autarki Hajara, daga ɗakinmu na haya a Rikkos.

Inna, saura kaɗan in gina ɗakina a kanki.

Kin tuna filin da kamfanin kuza ya bari ya koma hannun gwamnati, inda rugarmu ke sauka da damina? Bara aka ce za a yanka shi fuloti-fuloti. Surukinki ya je ya sa sunanmu. Ni kuwa har na gama ginin a zuciyata: taga mai labule, kanta cike da littattafaina, irin gidajen da nake karantawa. Kin sha ce mini, "Hajo, ajiye takardar nan, tuwo na kamawa." Har yau ban ajiye ba.

Ranar da muka je ganin wurin muka tarar da Baffa, ƙanen Baba, yana kiwo. Da murnata na nuna masa turken simintin da masu awo suka kafa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a nan suka sa ki, ke da wasu daga danginmu. Wallahi ban sani ba, Inna. Mata ba sa raka gawa. Ranar ina cikin bukka ina kuka, kabarin kuma ya daɗe da bajewa.

Ardo da dattawa suka yi ta zarya ofis. Surukinki ne ya rubuta musu takardar koke, bayan ya janye sunanmu da hannunsa. Bana amsa ta zo: gwamnati za ta riƙe filin amana ga jama'armu, ba sayarwa, ba yankawa.

Amma abin bai zo a kyauta ba. Ashe da kuɗin fulotan aka shirya ja mana famfo zuwa layinmu, yanzu an cire shi daga kasafin bana. Maƙwabciyata Maman Ladi, mai goyon tagwaye, ta yi ta faɗa a tsakar gida, wai saboda shanu za mu ci gaba da jidon ruwa. Ban ga laifinta ba. Na kwana biyu ina jin nauyi kafin na gaya mata wadda ke kwance a wurin. Washegari ta ƙwanƙwasa mini ƙofa mu tafi rijiya tare.

Tun daga ranar, bokitin farko nata ne, na biyu nawa. Wuyana yana ciwo, gida babu, famfo babu, amma ban taɓa ɗaukar kaya da daɗin rai irin wannan ba.

Allah Ya saka wa Baffa da ya fito kiwo ranar. Ya saka wa waɗanda suka haƙura da ruwa don ki kwanta lafiya, Ya kawo musu famfonsu baɗi. Ke kuma Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

An cire turken, Inna. Ciyawa ta rufe ramin.

Taki har kullum,
Hajo