Kwalbar da Baba ke sha da cokali

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a saurare ni kafin a zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni ɗan Angwan Iya ne a Keffi, kullum nake shiga Abuja aiki. Mahaifina shi ne limamin layinmu. Ina da abokin aiki Kirista, mutumin kirki, da ke haɗa giya a gidansa don sha'awa. Wata Asabar na same shi da abokansa sun buɗe wata baƙar giya mai ƙarfi, wai shekara uku tana ajiye tana tsumuwa. Kowa sai ya shinshina, ya kurɓa, ya ba ta maki. Ya ce mini, "Malam, kai sha lemonka." Wallahi bai tilasta ni ba, ni na miƙa hannu. Me ya kai ni? Baƙa ƙirin ce, mai kauri, ga ɗanɗanon kofi da dabino da ɗan ɗaci, tana sauka da ɗumi har ƙirji. Na ba ta tara cikin goma, har da bayani kamar wani gwani. Abin kunyar ma, na roƙi babbar kwalba ɗaya na taho da ita gida.

Kwalbar ba rubutu a jikinta. Inna tana shara ta gan ta a ƙarƙashin gadona, ta ce, "Wannan fa?" Na daburce na ce maganin sanyin ƙashi ne. Ta ce, "Au, kana da wannan ka bar Malam na fama da gwiwa?" Ta wuce da ita ina kallo.

Yau kwana tara ke nan Baba na shan cokali biyu bayan karin kumallo, da bismillarsa. Mutumin da ko layin da ake sayar da giya ba ya bi! A haka kuma nake bin sa salla kullum. In na faɗa, hawan jininsa nake tsoro. In na yi shiru, da wane ido zan dubi Allah?

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, maganin nan ya karɓe ni. Ladanin masallacinmu ma yana so. Ranar Asabar ka kai ni wurin mai haɗa shi in yi masa godiya da kaina."

Yau Alhamis. Me zan yi?