Kada Ka Miƙa Mata Tulu

Fas, Maroko

Yaya Talle,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya yara, ya girbin gero? Ni lafiya lau, sai sanyi da ɗan tari, amma kada Inna ta ji.

An ce mini za ka cire Mardiya daga lakwal ta 'yan mata a Tasawa, ka maido ta kwalejin ƙauyenmu, wai karatu duk ɗaya ne. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Ka manta zaman da na yi a kwalejin ƙauyen? Da an fara lissafi, sai Mushe, malaminmu, ya ce, "'Yan mata, randa ba ruwa." Kafin mu dawo daga rijiya, maza sun cika allo. Shekara biyu ban riƙe alli ba, sai da na shiga ajin da babu namiji. Can, in mace ba ta tashi ba, babu mai tashi. Dole na tashi, ga ni yau ina karatun lantarki.

'Yarka ta fi ni kai. Don Allah, kada ka karɓe mata alli ka miƙa mata tulu.

Ƙanwarka,
Hindu