Ba Ni Na Raɗa Masa Suna Ba

Sukau, 9 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Masnin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma aikin asibiti a Kota Kinabalu bai gajiyar da ke sosai ba. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan ƙalau muke. Na rubuto ne domin maganar ba ta waya ba ce, kin san Inna tana jin komai ta bangon katako.

Tun da aka ba mu hutu nake bin Baba a jirgin ruwa na masaukin baƙi ina yi masa tafinta, tunda Turancinsa bai wuce "zauna" da "duba can" ba. Ranar Asabar aka ba mu wasu iyali daga Holan: Mista Roekel da matarsa, 'yan matansu biyu, da mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai suna Truus. Da la'asar Baba ya kashe inji ƙarƙashin wata bishiya cike da birai masu dogon hanci. Babban namijin yana zaune ya turo tumbi, jan hancinsa yana reto. Na faɗi sunansa na Turanci yadda aka koya mana. Sai tsohuwar ta ce, "Wannan na littafi ne, 'yata. Ku a gida me kuke ce masa?"

Yaya, me zan ce? Na ce monyet belanda. Ta tambayi ma'ana, na ce birin Holan. Sai da maganar ta fita na dubi Mista Roekel. Rana ta ƙona masa hanci ya yi jajir, rigar ruwan da muke ba baƙi ta kasa rufe masa ciki. 'Ya'yansa suka kalli biri, suka kalli ubansu, suka fashe. Tsohuwar har da hawaye, tana cewa, "Hancin ubansa ne, ku tambaye ni!" Ni ma na yi dariya. Shi bai yi ba.

Jiya Manaja Hamdan ya kira ni ofis. Wai matar Mista Roekel ta kai ƙara, yaran sun maƙala wa ubansu sunan har a wajen cin abinci. Ya ce, "To, 'yar boko, tunda kin iya Turanci, zauna ki rubuta cewa babu wani suna haka, ke kika ƙirƙiro don wasan yara." Idan ban kawo ba kafin su tafi ranar Juma'a, zai sauke Baba daga jirgin baƙi.

Na fito daga ofishin. Amma ban rubuta ba.

Taki ƙanwa,
Juraidah

Sukau, 11 ga Disamba

Yaya Masnin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin tashi lafiya. Inna ta ba ni labarin yadda kuka yi ta waya, ashe ta riga wasiƙata isa gare ki. Wai kin ce in daina taurin kai. Ki yi haƙuri, ban taɓa ƙin maganarki ba, amma wannan karon zan ƙi.

Inna ta ce, "Takarda ce kawai, ba rantsuwa ba. Biri ne zai ciyar da mu?" Kawu Sapri kuwa, duk sanda ya wuce a jirginsa sai ya ɗaga murya, "Malamar birai, yau wa za a raɗa wa suna?" Matan da ke wanki a bakin kogi su yi ta dariya. Ina sunkuyar da kai in wuce.

Na sani sarai abin da Baba zai rasa. Shekara goma sha tara yana jirgin nan, shi ke hango kada inda kowa ke ganin itace, kuma ba abin da yake so kamar yaro ya fara ganin giwa ya riƙe masa hannu. Amma sunan nan ya girmi Kaka. Da shi Manaja ma yake kiran birin idan babu baƙo kusa. In rubuta da hannuna, in sa sunana, cewa mutanen garinmu ba su taɓa faɗarsa ba? Tsohuwar nan gaskiya ta tambaye ni. Ba zan aika mata da ƙarya a ambulan ba.

Na rubuta tawa wasiƙar. Na ba Mista Roekel haƙuri a kan dariyar da na yi, domin baƙonmu ne, kuma na ga abin ya yi masa ciwo. Na ce sunan kuwa gaskiya ne, kakanninmu suka sa shi tun zamanin da mutanen ƙasarsa suka zo yankin nan, ba shi aka nufa ba, kuma ba ni da ikon goge shi. Sau huɗu ina sake kwafa don kada a sami kuskure.

Baba kuwa ya koma jirginsa. Yana ta gyaran injin da lafiyarsa ƙalau.

Ki gaishe da abokan aikinki.

Taki,
Juraidah

Sukau, 14 ga Disamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma haka, sai ruwan sama da ya ƙi tsayawa.

Ranar Alhamis da safe Baba ya ce in karanta masa abin da na rubuta da harshenmu. Na karanta. Ya ce in maimaita. Sannan ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in biyo shi ofishin Manaja.

Manaja ya karanta ya ture takardar, ya ce wa Baba, "Ba wannan na ce ba, Malam Awang."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, to mene ne sunan birin? Faɗa mini, in koya wa yarinya."

Manaja ya ce shi ba wasa ya zo yi ba. Baba ya ɗauki takardar, ya fita zuwa inda baƙi ke shan shayi, ya miƙa wa Mista Roekel da hannu biyu. Mutumin ya karanta har ƙarshe, ya ninke ya sa a aljihu, ya gyaɗa mini kai. Ban san ko ya huce ba. Washegari suka tafi a jirgin Kawu Sapri.

An sauke Baba, Yaya. Yanzu jirgin kaya yake tuƙawa, yana ɗauko tulunan gas da kayan miya daga bakin titi. Inna ba ta yi mana magana ba kwana biyu. Jiya na raka shi, na zauna kan buhun albasa na yi ta kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Share fuskarki. Tulun gas dai ba zai tambaye ki sunan kowa ba."

Na ji kina shirin kiran Manaja ki roƙe shi. Don Allah kada ki kira. Baba ya ce in gaya miki haka, ni ma na ce.

Taki ƙanwa,
Juraidah Awang