Bajimin Arɗo Buba Ya Mutu Ina Riƙe da Wuƙa

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke tsara tafiyar jiragen ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe.

Sunana Lawal, mutumin Kusada. Da damina manomi ne ni, da rani kuma ɗan rakiyar shanu. Tun kafin Bature ya sauke tutarsa nake wannan aiki: Fulanin Kaikai da Kafinsoli su damƙa mini dabbobinsu a kasuwar Kankiya, in kora su Kano, a loda a tarago, in bi su har Kurmi in sayar. Na kai kukana tasha har ƙafata ta gaji. Duk wanda na samu sai ya nuna sama da yatsa ya ce daga ofishinka ne, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. A zamanin jirgin gawayi, duk inda kan jirgi ya tsaya shan ruwa, shanu ma suna sha. Mu diro da bokiti, mu shayar, mu duba wanda ya galabaita. In aiki ya saura, mai kula da tasha ya ɗan riƙe mana jirgi, don da ikonsa a hannunsa. Yanzu an kawo jirgi mai shan mai, an kuma ce akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke faɗin inda kowane jirgi zai tsaya da lokacin da zai tashi. Ban taɓa ganinta ba, ba ni kuma da faɗa da ita. Amma wanda ya koya mata aiki ya manta ya gaya mata cewa sa ba buhun gyaɗa ba ne.

Na biyu, kuma shi ne ya sa ni rubutu. A sana'armu akwai ƙa'ida biyu da ba a rubuta ko'ina ba. In dabba ta faɗi a hanya, ɗan rakiya zai yanka ta kafin rai ya fita, kada ta zama mushe. Sannan ya yanke kunnen da ke ɗauke da tsagar gidan mai ita, ya kawo masa. Kunnen nan shi ne shaida cewa hanya ce ta ci dabbar, ba ɗan rakiya ba.

A ranin da ya wuce na ɗauki shanun Arɗo Buba na Kaikai, dattijon da ya fara ba ni igiya tun ina saurayi. A cikinsu akwai wani farin bajimi da Arɗon ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda ya rabu da shi. A sabon tsari, da an gama lodi ake buga wa tarago kwaɗo da hatimi, ba a buɗewa sai da izini daga sama. Muna cikin tafiya aka karkatar da mu layin gefe a wata ƙaramar tasha, wai mu ba wasu jirage hanya. Tun hantsi muke nan har rana ta take, ƙarfen taragon ba ya taɓuwa don zafi. Ta tsakanin katako na hango bajimin ya durƙusa, 'yan'uwansa suna tattaka shi.

Na ruga wurin mai kula da tasha. Bawan Allah, ga makulli rataye a bayansa, ya buga waya ya sake bugawa, aka ce masa taragon kaya ne, ba a rubuta masa buɗewa a nan ba. Ya ce in ya karya hatimi aikinsa ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Na koma na tsaya, wuƙata a hannu, ina jin numfashin bajimin har ya daina. Wallahi ban taɓa jin rashin amfanina irin na ranar ba.

Da muka isa, duba-gari suka janye mushen suka tafi da shi kafin a bar ni in matso. Ko kunne ban samu ba.

Na uku. Na koma Kaikai ba shaida a hannuna. Arɗo ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam Lawal, ba mu ce ka ci ba. Abin da Allah ya yi shi ne daidai." Ya sa aka damo mini fura. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ran kasuwar Kankiya da ta wuce ya gaishe ni gaisuwa mai kyau, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan a gabana ya miƙa igiyar shanunsa ga wani mai babbar mota. Sauran Fulanin suna kallo, kuma inda Arɗo ya sa ƙafa nan suke sawa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A koya wa na'urar nan bambanta mai rai da marar rai, ta riƙa ba taragon dabbobi wurin shan ruwa. A mayar wa mai kula da tasha ikon buɗe ƙofa in dabba ta faɗi. Sai na ƙarshe, wanda ya fi damuna: ba diyya nake nema ba. A turo mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ga abin nan, ya zo Kaikai ya faɗa a gaban Arɗo cewa bajiminsa a cikin tarago ya mutu. Arɗo ya tsufa, ni ma ba yaro ba ne, ba na so ɗayanmu ya kwanta da wannan a tsakaninmu.

In kuma ba zai yiwu ba, a gaya mini a fili, in daina zuwa kasuwa ina tsayawa a bakin kara, inda ake cinikin shanu, kamar mai jiran wani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya kare ka daga ranar da za ka faɗi gaskiya a rasa mai shaidarka.

Wassalam.

Lawal mai rakiyar shanu,
Kusada.